Ranar da Matattu Suka Tafi Kasuwa

Da sunan Mai Sama nake buɗe baki, wanda ya yi tudu ya yi kwari, ya yi mai rai ya yi gawa, ya ja iyaka a tsakaninsu. Na kusa ya gyara zama, na nesa ya kasa kunne. Ni ce Tsahare, jikar Gwamma mai daddawa, daga ƙasar Dambaza, can bayan inda rana take wanke ƙafa kafin ta kwanta. Zan faɗi abin da na gani, amma akwai hanyoyin da ba zan kwatanta ba, kada ma wani ya wahalar da bakinsa.

Ƙasarmu garuruwa bakwai ne, sun kewaye wani tafki kamar 'yan mata sun sa mai kalangu a tsakiya. Ruwan tafkin nan da safe zaƙi gare shi kamar an jiƙa rake, da yamma kuma gishiri ne zalla. Kukokinmu kuwa, kogon guda ɗaya sai ya ɗauke iyali har da akuyarsu. Kowane gari da ranar kasuwarsa. Haka kasuwa take zagaya tafkin, yau nan gobe can, ni da Kaka Gwamma muna biye da ita da ƙwaryar daddawa tun ban iya ɗaura zane ba.

Sai ga shekarar da ƙasa ta ƙi riƙe abin da aka ba ta ajiya. A binne mutum da hantsi, kafin la'asar ya dawo yana jan likkafani. In ya ciji mai rai, shi ma ya bi sahu. Muka sa musu suna Tasassu. Ba sa magana, ba sa gudu, amma gajiya ba ta san gidansu ba.

A gidanmu mu uku muka tsira. Ni, da Kaka, da ɗanta Kawu Nomau, ƙanin innata, manomi mai ƙarfi kamar bijimi, mai kunya kamar sabon suruki. Muka tsaya a bayan gari muna haki, aka fara shawarar inda za a dosa.

Kawu ya ce, "Iya, tsauni za mu hau. Abin da ba ya gudu ai ba zai iya hawa ba."

Kaka ta ce, "To sarkin dabara, in mun hau dutsen za mu tafasa mu sha? Tsibirin tafki za mu. Ka taɓa ganin gawa tana iyo?"

Suka juyo wajena. "Ke fa, Tsahare?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin zane. Ni haka nake, magana tana zuwa har maƙogwaro, sai in ga kamar in na fitar da ita wani abu zai lalace, sai in mayar da ita ciki.

Aka bi ta Kawu tukuna. Tsaunin Gora tsayinsa har gajimare yana tuntuɓe da shi. Tasassu kam ba su hau ba, amma ruwa babu ko na wanke ido, ga wasu birai masu farin gemu da suka kwashe mana ɗan guzurinmu muna kallo, babbansu har da juyowa ya yi mana gwalo. Muka sauko leɓe a tsage.

Sai aka bi ta Kaka. Muka gangara mashigin jirgi, muka hango kwalekwale yana tahowa. Kaka ta fara guɗa. Da ya matso sai muka ga mai tuƙin rabin fuskarsa babu, amma yana tuƙi tsaf, ya kawo gaɓa, ya ɗan jira, ya juya da jirginsa wayam. Can tsibirin kuma baƙi ƙirin yake da Tasassu suna shanya taru.

Kawu ya ce, "Iya, ba sa iyo kam. Jirgi suke hawa."

"Rufe min baki, ɗan nema."

Ƙarshenta wata kuka muka samu a gefen hanyar garin Gangare, muka shige kogonta, Kawu ya toshe ƙofar da ƙaya. Nan muka zauna muna tsotsar 'ya'yan kuka, muna tauna ganyenta ɗanye, ruwa kuwa sai wanda ya taru a wani lungu na kogon. Ni da Kawu muka jure. Kaka ce jikinta ya ƙi. Cikinta ya daina karɓar ganye, in ta ci sai ya dawo. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu, daga baya ko zama ba ta iya yi sai an jingina ta. Abin da take bukata kowa ya sani, kunu ne mai ɗumi. Hatsi kuwa yana cikin gari, gari kuma yana hannun Tasassu.

Akwai wata 'yar kafa a jikin kukar, daidai idona. Nan nake wuni ina leƙe, don in ban ga abin tsoro ba tsorona ya fi yawa. Kullum da sassafe sai su wuce a jere, da yamma su dawo. Da farko ban kula ba. Sai na fara gane fuskoki. Ga Ladingo mai manja da tulunta a ka, tulun ya fashe amma gammon yana nan. Ga Dogo mai tukwane yana kora jakin da babu shi, yana ɗaga sanda yana saukewa. Wata rana su yi gabas, wata rana su yi yamma. Na riƙa lissafa ranakun a zuci. Na yi shiru da abina, don in na faɗa aka fita aka mutu, ai ni ce na kashe mutane.

Kaka tana kwance, amma idonta bai mutu ba. Ta ce, "Ke ƙawata, me kike tauna a bakin nan? Tun jiya leɓenki yake motsi."

"Ba komai, Kaka."

"Ba komai ɗin nan naki ya fi buhu nauyi. Zazzage shi."

Na matsa kusa da kunnenta. "Kaka, jiya sun yi gabas. Jiya Litinin, kasuwar Kurmin Gishiri. Yau Talata sun yi kudu."

Ta ɗago kai. Sai ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. "La ila! Nomau, taso ka ji! Kasuwa suke zuwa! 'Yan banzan nan kasuwa suke ci!"

Kawu ya ce, "Wace irin kasuwa kuma, Iya? Me za su saya?"

"Oho musu! Mai jirgin nan da muka gani, wa yake ɗauka? Hali zanen dutse ne, ashe ko mutuwa ba ta kankare shi. Abin da ƙafa ta saba shi take yi."

Nan fa kogon kuka ya zama fada. Kaka tana kwance tana ba da umarni kamar sarauniya. Gobe Laraba, kasuwar Rafin Ja, can ƙetaren tafki, ita ce mafi nisa daga Gangare. Ke nan Gangare zai zama kango tun daga hantsi har kasuwa ta watse. Mu shiga, mu ɗebi gero da wake, mu samo tukunya da ƙyastu, mu fito kafin inuwa ta yi tsawo.

Kawu har da tafa hannu. "In haka ne ai mun warke! Kullum sai mu shiga garin da kasuwa ta ba wa baya!"

Ni dai ban saki jiki ba. Na ce, "In wani bai tafi ba fa?"

Kaka ta ce, "Wa kika taɓa gani ya zauna a gida ranar kasuwar Rafin Ja? Ko kuturu sai ya je."

Gari ya waye, suka wuce. Muka bari ƙurarsu ta kwanta, muka ja wa Kaka ƙaya, muka fita da buhu. Wayyo, ranar nan na ga abin mamaki! Gangare guda, garin da ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya, ya zama sai kaji da kurciyoyi. Muka bi tsakiyar titi kamar mu muka gina shi. Kawu ya tsinci ƙyastu da ƙwarya da ludayi da tukunya a wata rumfa, ya kifa tukunyar a ka kamar hula, yana taku yana cewa, "A gaishe da sarkin Gangare!" Har na yi dariya, abin da na manta yadda ake yi.

Rumfunan hatsi duk ɓeraye sun gama da su. Sai muka nufi wani babban gida mai zaure, wanda kan rumbunansa yake leƙowa ta saman katanga. Muna shiga zauren Kawu ya ja ya tsaya, ya sauke tukunya, ya nemi dakali ya zauna.

Na ce, "Kawu, mu je mana."

Ya ce, "Haba Tsahare, gidan mutane ne fa. Ke ce mace, shiga ki ɗebo, ina nan."

Wallahi ni ma ban ga laifin maganar ba. Tun da nake, ban taɓa ganin ƙato ya ratsa zauren wani ba. Mu 'yan talla mu ne masu shiga. Na karɓi buhu na wuce.

Tsakar gida fes, kamar yanzu aka share. Wannan sharar ya kamata ta faɗa min wani abu, amma idona yana kan rumbu. Na jingina tsani, na hau, na ture murfin, na dira ciki. Gero! Tsaba, har ƙugu! Na cusa hannu, na watsa a baki ina tauna ɗanye ina hawaye. Na cika buhu, na cicciɓa shi zuwa bakin rumbun, na leƙo.

Sai na ga asabarin ɗakuna yana motsi.

Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wata da tsintsiya, wata da taɓarya, wata da zanen goyo ɗaure ba kowa a ciki. Matan gidan. A nan ne abin ya faɗo min kamar dutse: matan kulle! Mu da muka tashi a kasuwa mun ɗauka duniya duka kasuwa take zuwa. Waɗannan kuwa tun suna da rai ba su taɓa taka ta ba, aike suke yi. Mutuwa ma ba ta fitar da su ba.

Suka ɗago kai gaba ɗaya. Suka kewaye rumbun suna miƙa hannu, farcensu yana kartar ƙasa, ƙar, ƙar. Wata ta bangaji tsanin ya faɗi. Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na sake buɗewa, abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako.

"Kawu."

Bai ji ni ba.

Na tuna Kaka kwance a kogo tana jiran kunu. Na cika ƙirji na kwarara. "Kawu Nomau! Matan gidan suna nan! Sun tashi!"

Daga zaure na ji ya ce, "Subhanallahi! To... to in shigo ne?"

"Shigo mana, za su cinye ni!"

Na ji takunsa, na ji ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida. Mutumin nan, ana wannan hali, sai ya sunkuyar da kai, ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yadda masu gyaran rufi suke yi in za su shiga gida: "Salamu alaikum! Gafaranku dai masu gida! A kintsa, namiji zai shigo!"

Jama'a, abin da idona ya gani! Hannuwan nan duka suka sauka. Mai tsintsiya ta yar da tsintsiya. Kowacce ta laluba kanta ta ja ɗankwali ta rufe fuska, wadda ba ta da shi ta kare da hannu, suka juya suna jan ƙafa, kowacce ta shige ɗakinta ta saki asabari. Tsakar gida ta koma wayam.

Kawu ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa daga kan rumbu na fashe da wata irin dariya mai haɗe da kuka. "Kawu, sake faɗa! Kada ka daina!"

Ya riƙa maimaitawa, "Namiji ne, a kintsa! Namiji ne!" yana tahowa idonsa a ƙasa, don ko a lokacin bai yarda ya kalli ƙofar ɗakin matan mutane ba. Ya ɗaga tsani ya jingina. Na miƙa masa buhu.

Sai wani abu ya fito da rarrafe daga bayan rumbun ya cafke masa riga.

Tsohuwar gidan ce. Ƙafafunta sun shanye tun tana da rai, shi ya sa kasuwa ta tafi ta bar ta. Tsohuwa kuwa ina ruwanta da namiji? Ta haifi irinsa. Ta riƙe rigar gam, tana jawo kanta sama, haƙoranta da suka rage suna ƙwas ƙwas.

Na ce, "Kawu, maka mata buhun!"

"Haba, sa'ar Iya ce fa!" Sai ma ya ɗan rusuna yana ja da baya. "Sannu Iya, ina wuni, Iya a yi haƙuri, a saki rigar..."

Bakinta saura kaɗan ya kai ƙaurinsa. Na dudduba, na hango faifai a kan tabarmar da take zama. Na tuna duk gidan da na taɓa shiga talla, tsohuwar gidan tana bakin rumbu da faifai a cinya. Na diro ban bi ta tsani ba, na fizgi faifan, na kamfato gero daga buhu na zuba, na tura mata a gaba.

Ta tsaya. Ta saki rigar. Ta jawo faifan kan cinya, ta baza geron da tafin hannu, ta fara tsince tsakuwa tana jefarwa gefe, a natse, kamar ba a taɓa yin tashin duniya ba.

Muka fita a guje, Kawu yana ta cewa, "Mun gode, a gafarce mu, mun gode!"

Sai dai duk wannan ya ci mana rana. Kafin mu kai kuka inuwarmu ta fi mu tsawo, ga ƙura ta taso daga hanyar Rafin Ja. Kasuwa ta watse. Wanda ya tashi daga kasuwa kuwa ba abin da ya rage masa sai neman abinci. Dogo mai tukwane ne a gaba, ya hango mu muna janye ƙaya, ya saki hanya ya nufo mu, sauran suka biyo shi kamar tururuwa.

Kawu ya ce, "Kogon nan ya tashi daga aiki, sun gan shi!" Ya sunkuci Kaka ya goya, na ɗora buhu a ka, na rungumi tukunya, muka faɗa cikin gonaki.

Mu yi gudu mu huta, su ba sa hutawa. Wuyana kamar zai karye. Muka ɓullo ta ƙarshen wata gona, sai ga Kurmin Tsamiya a gabanmu, baƙi, shiru, ko tsuntsu ba ya kuka. Duk ƙasar Dambaza ba mai shiga wurin nan. An ce gidan mutanen ɓoye ne, tun kakannin kakanni ko itace ba a ɗiba, hanya ma da ta zo kusa sai ta yi kwana ta kauce masa.

Na ja birki. "Ni ba zan shiga ba! Kawu, wallahi ba zan shiga ba!"

Kawu ma ya ja ya tsaya. Daga bayansa Kaka ta ɗago kai da ƙyar. "Ku shiga."

"Iya, Kurmin Tsamiya ne fa!"

"Na sani. Na ciki ban taɓa jin wanda suka ciza ba. Na bayanku fa?"

Na waiwaya, har ina jin warinsu. Na runtse ido, na yi bisimilla, na yi sallama da ƙarfi, na faɗa. Muka kutsa har sai da duhun ganye ya rufe mu, sannan muka laɓe muna leƙe.

Dogo ya iso bakin kurmin. Ya tsaya cak. Ya kawar da kai gefe, ya yi kamar mai tofi a kafaɗar hagu, yadda kowa yake yi in zai wuce wurin, ya karkata ya bi gefe. Ladingo mai manja ta zo, ita ma haka. Duk taron nan suka rabu biyu kamar ruwa ya sami dutse, ba wanda ya taka ko ganye ɗaya na ciki.

Kawu ya sauke Kaka, ya zube a ƙasa yana dariya har da buga ƙafa. "Tsoro suke ji! Iya, gawa tana tsoron aljani!"

Cikin kurmin kuwa, ashe aljanna ce aka kulle da tsoro. Ga idon ruwa yana ɓulɓulowa, ga tsamiya ta nuna har tana zubowa, ga ƙwan zabi a ko'ina don ba mai ɗiba. Ban tsaya kallo ba. Na sami faffaɗan dutse na niƙa gero, Kawu ya ƙyasta wuta, na jiƙa tsamiya, na dama kunu da sauri, don Kaka ta rufe ido tun da aka sauke ta, numfashinta sama-sama.

Na tallafo kanta, na kai ludayin duma bakinta. "Kaka, ga kunu. Kaka, don Allah."

Leɓenta ya motsa. Na matsa in ji.

"Ba wa masu gida tukuna. Baƙo ba ya fara ci."

Na zuba ludayi guda a gindin babbar tsamiyar, na dawo a guje. Ta kurɓa. Muka zuba mata ido, ni da Kawu, ko numfashi ba ma yi, muna jiran mu ga ko zai dawo. Bai dawo ba. Ta sake kurɓa, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Can sai ta miƙa hannu ta karɓe ludayin daga hannuna, ta tashi zaune da kanta.

Ta ce, "Gobe Alhamis. Wane gari ne kasuwa za ta ba wa baya?"

Na ce, "Kurmin Gishiri, Kaka." Ban ko yi rawar murya ba.

"To ku samo gishiri da wake. Kai kuma Nomau, tun daga bakin zaure za ka fara yi wa matan mutane sallama, ba sai sun kusa cinye min jika ba." Ta miƙo min ƙwaryar. "Ƙaro."

Nan na ɗaure bakin hikayata, na ajiye ta a gindin tsamiya.